Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamitocin Kula da Makarantun Firamare na Jihar Kano a Kan Karatun 'Yan Aji Ɗaya Zuwa Uku

Zuwa ga shugabanni da mambobin kwamitocin kula da makarantun firamare, waɗanda aka fi sani da SBMC, a ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe dagatai da masu unguwanni, Allah ya gafarta malamai limamai, iyayenmu mata masu wakiltar matan unguwa, da 'yan'uwana shugabannin makarantu, ina yi muku sannu da aiki tare da fatan alheri. Na rubuto muku ne a matsayina na wanda ya riƙe alli a ƙananan azuzuwa har ya ajiye, wanda kuma a yau yake zaune a gida cikin jikoki masu zuwa aji ɗaya da aji biyu. Na zaɓi in yi magana da ku maimakon kwamishina ko shugaban hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, saboda abin da zan roƙa a zaure da tsakar gida ake yin sa, kuma a cikin duk masu ruwa da tsaki a harkar ilimi ku kaɗai ne hedimasta yake sauraro da safe, magidanta kuma suke sauraro bayan sallar Magariba.

Tun a shekarar 2006 Majalisar Ƙoli ta Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa irin waɗannan kwamitoci a makarantun gwamnati, sannan shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya ƙarfafa su a Kano da Jigawa da Kaduna da wasu jihohi. Duk mai adalci ya san kun yi aiki. Kun gyara rufin da iska ta yaye, kun haƙa masai, kun bi gida-gida kun fito da yaran da ba a sa su makaranta ba, wasunku ma da kuɗin aljihunsu. Sai dai a tarurrukanku akan shafe awa biyu ana maganar kwano da siminti da katanga, a tashi ba wanda ya tambaya ko yaran da ke zaune a ƙarƙashin wannan kwanon sun iya karanta sunansu. Wannan tambayar nake so ku mayar abu na farko a ajandarku, kuma ku kai ta cikin gidaje.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Ƙiyasin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A nan gida, lokacin da aka soma shirin ƙarfafa karatu da lissafi na KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a 2019, 'yan aji huɗu zuwa shida aka ware ana koya wa baƙaƙe da haɗa kalmomi da lissafin farko, wato abin da ya kamata a ce sun gama da shi tun a aji biyu. Yaron da ya bar aji uku bai iya karatu ba, duk darasin da zai biyo baya kwafe shi zai yi daga allo zuwa littafi ba tare da ya san abin da ya kwafa ba, kuma a haka zai yi ta hawa aji har ya fita da takardar da ba zai iya karantawa ba.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, Bahaushe ba baƙo ba ne wajen tsayawa a kan karatun ɗansa. Ku dubi yadda muke yi da makarantar allo. Uba ne da kansa yake riƙe hannun yaro ya kai shi gaban malam, ya saya masa allo, ya riƙa aika kuɗin Laraba. Da asuba, kafin a ɗora koko, uwa za ta ce wa yaro ya ɗauko allonsa ya biya, kuma ko da ita kanta ba ta yi nisa a karatu ba, kunnenta ya san inda ya yi tuntuɓe. Gida kowa ya san ko yaro yana babbaƙu, yana ta rera alu, ambaki, wau, zal, ko ya shiga farfaru, ko ya soma haɗa baƙi da kansa. Idan ya wanke allo a yi masa barka, idan ya kai wata sura a yi sadaka, ranar sauka kuwa unguwa duka sai ta sani. Yaron ya taso yana gani da idonsa cewa manyan gidansu sun damu da wannan karatu, saboda haka shi ma ya ɗauke shi da muhimmanci. To, wannan yaron dai shi ne zai dawo daga firamare da azahar ya jefa jakarsa a bayan ƙyaure, ba wanda zai taɓa ta sai washegari da safe. A gidaje da yawa uban bai san sunan malamin ajin ɗansa ba, wani ma sai ya yi lissafi kafin ya faɗi ajin da ɗan yake.

Ban ɗora wa iyaye laifin duka ba, domin wannan ɗabi'a tana da asali. Boko da Turawan mulkin mallaka ya zo, tun daga makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, kuma a farko ta hannun sarakuna da hakimai ake karɓar yara, sau da yawa ba da son iyayensu ba. Da aka zo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a 1976, da shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya, wato UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, saƙon da talaka ya ji shi ne gwamnati ta ɗauke masa nauyi. Dokar UBE ta 2004 ta tanadi gargaɗi ga uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, in ya maimaita a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, amma iyakar abin da ta nema daga gare shi shi ne yaro ya shiga makaranta ya gama. Jiharmu ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duk waɗannan matakai ne masu kyau, sai dai shekara da shekaru ana gaya wa magidanci ya kawo ɗansa bakin ƙofa, ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa aikinsa idan yaron ya dawo gida ba. Wannan giɓin ku ne za ku iya cike shi.

Na san amsar da za ku fara ji, ita ce: ni ban yi boko ba, me zan koya masa? Ku gaya masa ba a ce ya koyar ba, an ce ya sa a biya masa. Akwai wata maƙwabciyarmu da ba ta taɓa shiga aji ba, amma kullum bayan La'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin turmi, ta karɓi littafin 'yarta ta buɗe shafin ranar. Abin da ta sani shi ne jan biro: idan ta ga alamar daidai ta ce madalla, idan ta ga gicciye ta ce wa yarinyar ta nuna mata abin da malama ta ce ba daidai ba, idan kuma ta ga kwana uku ba jan biro ko ɗaya, sai ta aika yayan yarinyar ya tambayo ko lafiya. Takan ɗora yatsa a kan layi ta ce a karanta mata, sannan ta tsallaka zuwa wani layin a ƙasa ta ce a karanta wannan ma, domin ta gane da kanta cewa yaro yakan haddace shafi daga sama har ƙasa ba tare da ya san baƙi ɗaya ba. Duka abin bai fi minti goma sha biyar ba. Ba ta sayi komai ba, ba ta biya kuɗin lesin ba, amma malamar ajin ta san cewa littafin nan akwai mai dubawa, yarinyar ma ta sani.

Abin da ya sa wannan yake yiwuwa shi ne karatun da Hausa ne. Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya san wasula biyar, a, e, i, o, u, ya kuma san sautin baƙaƙe, idan aka nuna masa yadda ake auna su, ba, be, bi, bo, bu, cikin 'yan makonni zai karanta baba da kaka da gida da tuwo, kuma yana karantawa yana ganewa domin kalmomin gidansu ne. Uwar da ba ta iya karatu ba ita ma za ta ji idan ya ce ƙasa a inda ma'ana ke neman kasa. A kan wannan hanya aka gina shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara. Tun kafin su, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida ana kuma koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun ma fi su a darussa da dama.

Manufar gwamnatin tarayya a kan harshen koyarwa ta sha sauyawa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da harshen gida a shekarun farko na firamare, a 2022 aka faɗaɗa shi zuwa shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta sanar da komawa Turanci. Ra'ayina shi ne wannan komawa kuskure ce, amma ba ita na zo yi muku jayayya a kai ba, domin ko me aka yanke a Abuja, ba wanda ya hana uba ya koya wa ɗansa karanta Hausa a zaurensa. Abin da nake roƙo ku yi shi ne ku kwantar da hankalin iyayen da suke ganin cewa idan yaro bai dawo yana rera waƙoƙin Turanci ba to bai yi karatu ba. Na ga yara da yawa masu jero haruffan Turanci daga farko har ƙarshe cikin waƙa, amma idan ka nuna musu harafi ɗaya a tsakiya sai su yi shiru. Yaro sau ɗaya yake koyon yadda baƙi ke zama sauti, kuma idan ya koya da harshen da yake ji, zai ɗauki wannan basira ya shiga Turanci da ita.

Ga iyayenmu mata na cikin kwamiti, akwai wani aiki da ya fi ƙarfin mazan. Kafin yaro ya fahimci labari a rubuce, sai ya saba da jin labari a baki, ya san cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya iya hasashen abin da Gizo zai yi wa Ƙoƙi, ya iya maimaita shi ga ƙanensa. Wannan shi ne amfanin ga ta nan ga ta nanku, kuma shi ne amfanin kacici-kacici, inda za a ce baba na ɗaka gemu na waje yaro ya yi ta juya abin a ransa har ya gano hayaƙi. A yau a gidaje da yawa waya ta karɓe wannan lokaci, uwa tana kallon fim, yara sun kewaye ta suna leƙe har sha ɗayan dare. Ba na cewa a jefar da waya, amma rabin awa na tatsuniya, sannan a ce wa yaro shi ma ya ba da tasa, ya fi wa ɗan aji ɗaya amfani fiye da jaka mai tsada. Kuna da wuraren isar da wannan saƙo waɗanda hedimasta ba zai iya shiga ba: Islamiyyar matan aure, gidan suna, wurin adashi. Ba kuma sabon abu ba ne a ƙasar nan, domin tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tsara mata malamai da ake kira jajis da ƙungiyar mata ta 'yan taru suna kai ilimi ga mata har cikin ƙauyuka.

Lissafi ma a gida yake farawa. Yarinyar da ke kai talla takan ba da canjin naira 500 ba kuskure, amma a aji a rubuta mata 50 a cire 20 ta kasa, saboda ba wanda ya taɓa nuna mata cewa abu ɗaya ne. A sa yaro ya ƙirga kwanukan abinci, ya ƙirga awaki idan sun dawo kiwo, ya faɗi gwangwani nawa ya auna a cikin kwano, sannan a ce ya rubuta lambar a ƙasa da tsinke. Uba mai shago ko tela ko mai kayan miya yana da darasin lissafi a gabansa kullum.

Sai batun jikin yaron, wanda malami ba shi da iko a kansa. Yaron da ya fito ba ko ɗumame a cikinsa, ba kuma kuɗin tara a aljihunsa, daga ƙarfe goma barci yake yi ko kallon ƙofa. Wanda aka aika ɗiban ruwa da safe yakan iso bayan an gama darasin karatu, domin galibi shi ake sawa a farkon jadawali. A karkara, lokacin shuka da lokacin girbi da ranar kasuwa sukan kwashe rabin aji, kuma ɗan aji ɗaya da ya yi fashin mako biyu ya rasa baƙaƙe da yawa waɗanda ba za a dawo masa da su ba. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. A ajin da yara suka haura ɗari suna zaune a ƙasa, yaron da kunnensa ke zubar da ruwa ko idonsa ba ya hango allo daga baya zai shekara bai koyi komai ba, a yi ta kiransa daƙiƙi a makaranta, a dawo gida a ƙara masa da bulala. Uwa ce za ta fara lura cewa sai an kira shi sau uku yake waiwayowa, ko yana kai littafi dab da hancinsa. A gaya mata cewa wannan abin kai wa asibiti ne, kuma abin gaya wa malami ne domin a dawo da yaron gaba. Game da duka kuwa, abin da na gani a aji shi ne yaron da ake zanewa a kan karatu yakan koyi ɓoye littafinsa da rufe bakinsa, alhali mai koyon karatu dole ne ya yi kuskure da ƙarfi a ji a gyara masa.

Ina da magana ta musamman ga magidanta, kuma limamai ne suka fi dacewa su isar da ita. Mun mayar da karatun ƙananan yara aikin mata, mu kuma muna majalisa daga Magariba har dare. Uban da zai kira ɗansa ɗan shekara bakwai a gaban abokansa ya ce ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin ashana ko buhun shinkafa, sannan ya sa masa albarka, ya yi wa yaron abin da malami goma ba za su yi masa ba. Fensir da littafin rubutu kuma a wuyan uba suke ko da makaranta kyauta ce. Ba daidai ba ne yara uku su raba fensir ɗaya da aka kakkarya, ko yaro ya haɗa Hausa da lissafi da Turanci a littafi ɗaya da bangonsa ya cire, alhali uban bai rasa kuɗin katin waya ba. Wanda da gaske ba shi da hali, kwamiti ya san shi, kuma irinsa ne ya kamata gudummawar masu hali na unguwa ta fara isa gare shi.

Duk wannan ba zai tafi ba sai makaranta ta ba iyaye abin riƙewa, kuma a nan ne nake so ku yi amfani da ikonku a kan shugabannin makarantu. A wurare da dama littattafan karatu suna nan a kulle a kabad ɗin ofis, sababbi fil, saboda ana tsoron kada su yage ko su ɓace a zo bincike. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikin da aka buga shi dominsa. Ku tsara yadda za a riƙa ba da aro, mai unguwa ya tsaya a matsayin shaida, yaro ya tafi da littafi ranar Alhamis ya dawo da shi Litinin. Inda babu littattafai, malami zai iya rubuta kalmomi biyar na mako a takarda ɗaya, ɗaliban sakandare na unguwa su kwafe wa ƙannensu. Mun ga a lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu wata da watanni aka koma darasi ta rediyo, cewa yaran da suka amfana su ne waɗanda wani babba ko yaya ya zauna kusa da su da takarda a hannu.

Haka kuma katin sakamako da ake ba yara a ƙarshen zango ba ya gaya wa uba komai. An rubuta yaro ya zo na 14 cikin 96, amma ba a ce ya iya karatu ko bai iya ba, kuma yana yiwuwa na ɗaya ma bai iya ba. Akwai gwaji mai sauƙi wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, wanda kuma irinsa aka yi amfani da shi a shirin KaLMA: takarda ɗaya mai ɗauke da baƙaƙe, da kalmomi, da ɗan sakin layi, da gajeren labari. A zaunar da yaro shi kaɗai cikin lallashi a ga inda ya tsaya, abin bai wuce 'yan mintoci ba. Duk mamban kwamiti da ya iya karanta Hausa zai iya yin sa. Idan aka gaya wa uba cewa ɗansa yana matakin baƙaƙe, kuma ana so kafin ƙarshen zango ya kai matakin kalmomi, ya sami magana irin wadda ya saba ji daga malamin allo, zai kuma san abin da zai tambaya idan ya haɗu da malamin aji a masallaci.

Taron iyaye ma a duba lokacinsa da yadda ake yin sa. Idan aka kira shi ƙarfe goma na safiyar ranar aiki, manomi da ɗan kasuwa da lebura ba za su zo ba, idan kuma duk lokacin da aka kira shi maganar kuɗi ce, wanda ya zo sau ɗaya ba zai sake zuwa ba. A sa shi bayan La'asar ko ranar Asabar, a yi na mata daban a inda za su sake, kuma a bar malamin aji ɗaya ya ɗauki alli ya nuna wa iyaye a aikace yadda yake koyar da auna baƙi da wasali, domin su ga abin da za su sa a biya musu a gida.

Roƙona a taƙaice shi ne, a zamanku na farko na zango mai zuwa ku sa ranar da za a gwada karatun 'yan aji ɗaya zuwa uku, ku sa ranar da za a gaya wa iyaye sakamakon, maza a zaure mata a cikin gida, ku kuma amince da tsarin ba da aron littattafai kafin a tashi. A ƙarshen zango ku sake gwajin, ku rubuta adadin yaran da suka matsa daga mataki zuwa mataki, ku aika wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku tare da rahoton gine-ginen da kuka saba aikawa.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
Kano.